Komawar Tambaya Gida

Shekara bakwai Tambaya ta yi a unguwar kutare ta mishan, can wajen Sakkwato. Ta shiga mijinta ya riga ya sake ta, ta warke bayan cutar ta tafi da yatsu biyu na hannunta na hagu. A can ta koyi karatu da ɗaurin miki, a can kuma ta ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, aka yi mata baftisma.

Damina ta biyu bayan samun mulkin kai, wani falke ya kawo mata saƙo daga ƙauyensu da ke kudu da Kebbe: mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Inno, ta faɗi, gefenta ɗaya ya shanye. A lokacin an riga an ba Tambaya aiki a ɗakin magani. Matan majami'a suka ce kada ta tafi, domin daga Tambuwal har Kebbe ba su san mai bin Yesu ko ɗaya ba da zai riƙe ta in an kore ta. Kwana shida tana addu'a, a ranta tana fatan Allah ya ce ta zauna. Ba ta ji komai ba. Sai dai duk sa'ad da ta durƙusa wanke ƙafar wani, Inno take gani kwance. A rana ta bakwai ta ɗaure kayanta.

Babbar mota ta sauke ta a Tambuwal. Daga nan ruwa ya cinye hanya, sai ta bi wasu mata 'yan kasuwa a ƙasa, kwana biyu, wani wurin ruwa har cinya.

Yayanta Maccido ya karɓe ta a zaure, ya dubi hannunta, ya yi hamdala da ta warke. Amma la'asar ta yi, magariba ta yi, bai ga ta ɗauki buta ba. Da safe ya kira ta bayan rumbu ya tambaye ta, ta gaya masa. Sannan ya ce mata abin da ke zuciya Allah kaɗai ke gani. Ta riƙa yin alwala in mata na yi, ta tsaya in sun tsaya, ba wanda zai tone ta, shi ma ba zai ƙara tambaya ba.

Maganar ta yi mata daɗi ƙwarai, har ta ji tsoron daɗin da ta yi mata.

"Yaya," ta ce, "ba ni iya yi ma Allah ƙarya, kai ma ba ni iya yi maka."

Maccido ya ce ba zai kori ɗiyar ubansa ba. Amma za ta zauna a tsohuwar bukkar awaki, da tukunyarta da ƙwaryarta, kuma kada 'ya'yansa su ji wannan zance daga bakinta.

Da labarin ya kai ga Inno, sai ta juya fuska ga bango.

"Da cutar ta kashe ki," ta ce da rabin bakinta mai motsi, "da na san inda za ni ishe ki."

Ta ƙi shan kunu daga hannun Tambaya, sai daga hannun Na'iya, matar Maccido. To amma Na'iya ga gona ga goyo, kuma ba ta da ƙarfin ɗaga tsohuwa. Kwanciya ta riga ta ci bayan Inno, mikin har yana wari. Tambaya ba ta nemi izini ba. Ta tafasa ruwa da gishiri, ta yayyaga zanenta mai kyau, ta riƙa juya ta sau huɗu a yini tana wankewa. Wani lokaci Inno ta zage ta, wani lokaci ta rufe ido kamar ba kowa a ɗakin.

A rijiya mata suka riƙa janye gugansu in ta iso, sai ta koma ɗibar ruwa a rafi mai nisa. Ran Lahadi takan zauna ita kaɗai a bukkarta, ta buɗe Linjila, ta soma waƙar sujada a hankali, sau da yawa ba ta kai ƙarshenta. Ta sha tambayar kanta ko Allah ne ya aiko ta, ko kuwa taurin kanta ne. Addu'arta ta gajarta, har ta koma abu ɗaya: ya ba ta ƙarfin yau kawai.

Wajen yankan dawa mikin ya rufe. Wata hantsi Inno ta ce ta tsefe mata kai. Tambaya ta zauna ta ɗora kan uwar a cinyarta, ta tsefe, ta yi mata kitso uku. Ba wadda ta ta da zancen addini. Da ta gama, Inno ta ce hannun nata ya yi sauƙi fiye da da, shi ke nan.

Bayan kwana tara Inno ta rasu da azahar. Da Tambaya ta nufi ɗakin don wankan gawar, tsofaffin matan suka tare ƙofa, babbarsu ta ce mata a hankali wannan ba aikinta ba ne. Sai ta je ta hura wuta, ta ɗumama ruwan, ta kawo har bakin ƙofa ta ajiye, ta koma gefe.

Bayan sadakar bakwai Maccido ya ce hanya ta bushe, in tana so zai raka ta Tambuwal ta hau mota. Bai ce mata ta tafi ba. Ita ma ranta ya so majami'a, ya so mutanen da za su kira sunanta ba tare da sun kau da kai ba.

"In ka yarda, Yaya, ka bar mani ɗakin Inno," ta ce. "Nan zan zauna."

Ya tambaye ta me za ta samu a nan. Ta ce ba ta sani ba tukuna. Maccido ya ce wannan ya fi ƙarfinsa shi kaɗai, sai ya ji ta bakin mai gari da liman.

Mako biyu suka wuce ba amsa. Jinkar ɗakin Inno kuwa ta ruɓe, damina mai zuwa ba za ta ɗauka ba. Ran Litinin da sassafe Tambaya ta ari laujen Na'iya, ta ɗaura igiya a ƙugu, ta shiga daji yankan shuci don sabuwar jinka.