Ƙofar Tirelar Ilu

"Mayar da shi baya," in ji Zinariya. "Mayar, in sake jin ƙaryar nan da kunnena."

Rahama, ƙanwarta, ta dangwali wayar da ɗan yatsa, bidiyon ya sake farawa. Ga Jamaluddeen nan, ɗan Rahama, malamin firamare, ya sha hula ya gyara zama, gabansa wata 'yar tirela ruwan ɗorawa da aka haɗa da bulon roba na wasan yara.

"Jama'a," in ji shi a cikin wayar, "yadda ta zo a kwali, motar ɗaukar kwantena ce, kuma ba ta wuce maki huɗu cikin goma ba. Amma ku dubi yadda muka mayar da ita tirelar shanu."

"Muka? Shi da uban wa?"

"Haba Yaya, ai ɗanki ne. Mutum dubu arba'in fa suka kalla. Jiya mata har gida suka zo yi mini barka, wai na haifi mai basira."

Zinariya ta dubi ƙanwarta sama da ƙasa. Barka! Ita da ta haɗa abin ko sannu ba wanda ya ce mata, ga wadda ko zare ba ta iya zurawa a allura tana karɓar barka tana rangwaɗa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana sayar da gwanjon kayan wasan yara a kasuwar Gumel. Kowace dila aka kwance, sai an sami bulon nan a warwatse a ƙasanta, ba mai saye, sai ta tara a wani tsohon daro. Shi Jamaluddeen sababbi yake sayowa daga Kano a kwali, ya bi littafin hotunansu shafi-shafi ya haɗa, ya ɗauki bidiyo yana raba musu maki kamar 'yan ajinsa. Wannan ta kwantenar ma yar da ita ya yi a rumfarta, wai ba ta da ƙwari. Zinariya ce ta wargaza ta. Damina guda ta yi tana haɗawa tana rushewa, ba littafi, don ko an ba ta ba ta san samansa da ƙasansa ba. Ta cire rufin, ta ɗaga bangon, ta gitta sanduna a sama inda masu rakiyar shanu suke zama, ta rataya buta a gindin bodi. Motar marigayi mijinta Ilu ta haɗa, wadda ya yi shekara talatin yana lodin shanu da ita daga Maigatari zuwa kudu. Da yaron nan ya gani ya ce, "Yakumbo, ara mini kwana biyu." Yau kwana ashirin.

"Kuma ba ki ji sauran ba," in ji Rahama tana gyara mayafi. "Ƙungiyar direbobin shanu ta Maigatari ta kira shi. Yau za su sa ta a akwatin gilashi a ofishinsu, da suna a rubuce."

Zinariya ta kau da kai. Ta jawo daron don hannunta ya sami abin yi, kada ya sauka a fuskar wani. Tana jujjuya bulon sai wani abu shuɗi ya taso sama. Ta ɗauka. Ƙofa ce, ba ta fi faratan yatsa biyu ba.

"Wa ya taɓa mini daro?"

"Shekaranjiya ya zo kina salla. Wai ƙofa ruwan ɗorawa yake nema, don waccan ba ta dace da jikin motar ba. Ya ce gyara zai yi kafin manya su gani."

Ta ƙulle ƙofar a haɓar zaninta, ta miƙe. "Tsare mini rumfa. Tunda kin iya karɓar barka, ki gwada karɓar ciniki."

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari na ci, motar haya ta cika har da awaki biyu a but. Duk hanyar Zinariya tana shirya maganar da za ta yaɓa. Da ta sauka ta ratsa kara, tsakanin ƙahoni da ihun dillalai, wani yana ciniki da sefa wani da naira, har ta kai rumfar kwanon da direbobi suka mayar ofis.

Ta tarar da su sun kewaye tebur. Jamaluddeen yana tsaye da wayarsa a kan sanda, ya yaye ƙyallen da ya rufe motar. Ba wanda ya tafa. Wani mai furfura, Sha'aibu, wanda shi ne shugabansu yanzu, ya sunkuya ya leƙa ta dama, ya zagaya ya leƙa ta hagu.

"Malam, ba wannan muka gani a waya ba."

"Ita ce, Alhaji. 'Yan kurakurai kawai na gyara. Ƙofar direba shuɗiya ce, ba ta shiga da fentin ba. Butar nan ma na cire ta, ba ta cikin tsarin mota."

"To a ina direban zai yi alwala, a cikin littafinka?" in ji wani daga baya. Aka kwashe da dariya.

Sha'aibu bai yi dariya ba. "Ni na yi wa Ilu yaron mota shekara tara. Duk hanyar nan mota ɗaya ce ruwan ɗorawa mai shuɗiyar ƙofa. Don ita muka kira ka. Wannan kuwa tirelar kowa ce. Wa ya ba ka labarin ƙofar tun farko?"

Jamaluddeen ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan Zinariya.

"Faɗa musu mana," in ji ta. Ta kutsa tsakanin maza ba sallama. "Mai maki! Ba ni makina in ji. Huɗu ne ko biyar?"

"Yakumbo, don Allah, a gaban mutane..."

"A gaban mutum dubu arba'in ka ce *muka*. Waɗannan ko ashirin ba su kai ba."

Sha'aibu ya ƙura mata ido, sai ya dafe baki. "Uwargida! Ke ce? Ina wuni, ya bayan rabuwa?"

"Bayan rabuwa ga shi nan kana gani, Sha'aibu. Kun yi furfura ba ku yi hankali ba. Yaron da ko bayan tirela bai taɓa hawa ba, shi zai san inda ake rataya buta?"

Ta kwance haɓar zaninta. Da farce ta ɓalle ƙofar ruwan ɗorawar ta wurgar a kan tebur, ta danna shuɗiyar a gurbinta, ƙofar ta ce ƙas. Ta miƙa wa Jamaluddeen tafin hannu ba ta ko dube shi ba. Ya lalubo 'yar butar daga aljihu ya ajiye mata. Ta rataya.

Wani tsoho ya ce, "Allahu akbar. Wallahi ita ce."

"Shekarar da Ilu ya faɗi da motar a hanyar Gagarawa aka sa masa ita daga wata matacciyar mota," in ji Sha'aibu. "Mun yi ta fama ya yi mata fenti, ya ƙi. Har ya rasu bai gaya mana dalili ba."

"Ni na hana," in ji Zinariya. "In na tsaya bakin titi a Gumel da kwanon abincinsa, tirela goma za su wuce, duk kamarsu ɗaya. Da me zan gane tasa?"

Sha'aibu ya share ido da hannun riga, ya sa aka kawo akwatin gilashin da farin kwali. Da kansa ya yi rubutun, a hankali, yana cije leɓe, ya sa motar a cikin akwatin, ya jingina kwalin a gabanta. Direbobi suka gyaɗa kai. Zinariya ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, irin wanda rabonta da shi tun kafin damina. Ta so a ce Rahama na nan.

Ta zunguri Jamaluddeen. "Kai mai karatu. Karanta mini, da ƙarfi."

Ya dubi kwalin, ya dubi ƙasa. "An rubuta, *Motar marigayi Ilu direba. Allah Ya jiƙansa.*"

"Amin. Sai me?"

"Shi ke nan, Yakumbo."

Ta tsaya tana kallon baƙaƙen nan da ba ta san ko ɗaya ba. Shekara shida mutumin nan yana ƙasa, bai taɓa riƙe bulon roba ba, amma ga shi ya riga ta shiga gilashi.

Sha'aibu ya ɗaga murfin zai rufe. Ta tare hannunsa, ta sa farce ta ɓalle shuɗiyar ƙofar, ta mayar haɓar zani, ta ƙulla ƙulli biyu.

"Uwargida, lafiya?"

"Lafiya lau. Rumfata tana layin 'yan gwanjo, kowa ya san ta. Ranar da alƙalaminku ya koyi rubuta Zinariya, ku aiko a karɓa."

Ta juya ta shiga cikin shanu. A kan tebur tirelar tana tsaye, wajen direba a buɗe.