Sawun Tayoyin Baya a Shanyar Inna Marka

Wata uku ke nan Tasi'u yana shigowa gida a Kutama da jar motarsa ta tsere, ya zagaya darbejiya ya ajiye ta. Mahaifiyarsa, Inna Marka, ta haddace sawun tayoyin tsaf, har takan shanya barkononta dab da sawun.

Ranar Laraba tayar baya ta bi ta kan shanyar.

Inna ba ta yi faɗa ba. Tsugunawa ta yi tana auna sawun da tafin hannu.

"Tasi'u, da can na baya kusan a sawun na gaba suke takawa. Yau sun yanke hanya. Me ka yi musu?"

Ya ce, "Inna, motar nan har tayoyin bayanta suna juyawa da sitiyari. In na taka wuta sai bayan motar ya riƙa rawa, shi ne Lukuman bakanike a Gwarzo ya zare wayar da ke juya su, ya ɗaure su da ƙarfe."

"Ya duba abin da ke sa su rawar?"

"A'a."

Ta soma tsince barkononta. "Babanka bai taɓa yi wa saniya dabaibayi ba sai ya ɗaga kofatonta ya gani. Koma Gwarzo ka tambayo."