Hancin Nomau da Man Hamdara

…to wa zai gaya wa? Wata uku ke nan. Tun wata mura da ta kwantar da shi hancin Nomau ya tafi bai dawo ba. Ga shi dai a fuska kamar na kowa, amma ko daddawa aka tura masa ciki sai ya ce ƙasa ce. Shi kuwa da hancin nan yake ci. Shekara goma sha ɗaya, duk man shanun da zai shiga gidan Mai Nasara, babban attajirin Birni, sai ya bi ta gabansa. Ya ce a shiga, a shiga. Ya ce a mayar, jaki ya juya.

Ga ƙwarya goma sha biyu a zaure, daga Hamdara, kwana biyu a hanya cikin wannan bazara. Ga Kolo mai jakuna a tsugune yana kallonsa. Ga baƙi daga Kukawa a ciki suna jiran tuwo, mutanen da tun a goye ake lasa musu mai…

Balki — sai yau kika ga damar tafiya bikin suna a Garagumsa? Matarsa ce, a madafin gidan take aiki, ita kaɗai ta san asirin. Sai ta fito da tsintsiya kamar mai shara: tari ɗaya, man lafiya lau, tari biyu, ya juya. Ran da hayaƙi ya sarƙe ta ta yi ta tari, Nomau ya mayar da kayan jaki uku, mai sabo fil, har yana faɗa…

Yana sunkuyawa. Yana buɗe faifai, yana shaƙa, yana lumshe ido, yana ɗaure fuska irin ta masana. Babu komai. Ya ɗanɗana? Harshen ma ya bi hancin.

Dodo… shi ma a nan yake tsayawa kafin Nomau. Ƙwarya ɗaya tak ta lalataccen mai ta wuce shi ranar wani biki. Yanzu yana can bayan gari yana kiwon jiminun maigida, ɗaya ta harbe shi a ƙugu, tafiyarsa a karkace. Shin jimina tana gane tsoho? Tana ragawa?

A'a, tsaya. Ai akwai ƙa'ida, shi da kansa ya kafa ta: a naɗe ƙwarya da tsumma, a jiƙa shi a kowace rijiya, a yi tafiya da sanyin safiya, rana ta take a sauke a inuwa. Hanci ya mutu, hannu fa? Yana taɓawa. Jiƙe. Jiƙe. Wannan har ɗiga take. Goma sha ɗaya sharkaf — alhamdu lillahi, Kolo ɗan kirki ne — a shiga da su. Mata suna ɗauka, suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ƙarshe… tsumman ya bushe ƙayau. Yawwa. Bari a san hanci yana nan. Yana shaƙa, yana ja da baya, yana tofar da yawu.

"Wannan ta juya. Tun daga ƙofa na ji ta."

"Ai duk ɗaya suke, Baba," in ji Kolo. "Ita ce kawai na manta ban jiƙa ba, a rijiyar nan ta ƙofar gari."

Ta ƙofar gari.

Ta ƙofar… to rijiyoyin hanya fa? Da an jiƙa ta a can, ai da ba ta bushe ƙayau haka ba. Tsumman da aka jiƙa da hantsi, yaya za a yi ya iso azahar yana ɗiga? Ashe sai da Kolo ya hango ganuwa ya jiƙa su… yau kaɗai? Ko duk shekarun nan?

Can ciki kasko yana cuuu. Ta farko ta hau wuta. Nomau yana buɗe hanci iyakar buɗewa, yana ja, yana sake ja… Babu komai. Yana zaune a ƙasa, cikin ruwan da ya ɗiga daga ƙoren, da busasshiyar ƙwarya a cinya.