Waken Gado

Buhu na uku na sauka daga kan ma'auni, Gado ya ga fuskar ɗansa Abdussalami ta canza. Dakta Mahmud, malamin da ke ba da maki, ya yi ɗan rubutu a takardarsa, ya ce a kawo na ɗalibi na gaba.

"Tsaya, ya Duktur," in ji Gado da Larabci. "Ga buhu biyu can ba a aza ba."

Wannan ita ce jarrabawar ƙarshe ta ɗaliban aikin gona a shekarar 1978. Tun farkon damina jami'a ta yanka wa kowane ɗalibi fili a gonarta ta gwaji, ta ba shi irin dawa, ta ce ranar girbi ma'auni ne zai faɗi abin da ya koya. Wanda ya kai buhu huɗu ya fita da takardar shaida, wanda ya gaza ya maimaita shekara. Abdussalami kuwa shi ne ɗan ƙauyensu na farko da ya taka jami'a, shi ya sa Gado ya hau lori tun daga wajen Abu Na'ama da sabuwar jallabiyarsa.

Dakta ya dubi buhunan. "Wancan wake ne, ya Haj. Takardata ba ta da gurbin wake."

Waken kuwa na Gado ne. Lokacin shuka ya kawo wa ɗansa ziyara, ya ga layukan dawa da fili fetal a tsakaninsu, abin ya tsaya masa a rai. Tun kakanninsa da suka baro ƙasar Sakkwato kan hanyar Makka, suka yada zango a wannan ƙasa ta masu Larabci, ba a taɓa barin dawa ita kaɗai a gona ba. Abdussalami ya ce ba a ce su haɗa ba. Gado ya ce, to an ce kada su haɗa? Ya samo wake a kasuwa, ya bi layi yana binnewa da diddige. Ɗan ya ƙyale shi, don ba a musu da uba a gona.

"Kuma bisa ƙa'ida," Dakta ya ci gaba, "duk abin da ya tsiro a filin ba dawa ba, ciyawa ne. Dole in rage masa makin noma."

Ran Gado ya ɓaci. Ciyawa! Shekara arba'in yana noma, yau wani mai farin takalmi ke gaya masa wake ciyawa ne.

"Harawarsa fa?" ya daka tsawa. "Ba shanun jami'a na gani suna ci ba da na shigo? Ka tona ƙasar filin nan, ka tona ta maƙwabcinsa, ka ga wadda ta fi rai!"

Abdussalami ya riƙo hannun rigarsa, ya ce da Hausa, "Baba, don Allah ka bari. Ana kallonmu."

"Mi zan bari? Ɗiyan birni da ba su san bakin fartanya ba sun ci imtihan, kai da ka hidda buhu biyar ka faɗi? Wanga ma'auni makaho ne!"

Dakta bai ɗaga murya ba, wannan ma ya ƙara ƙona wa Gado rai. "Ni ma na san wake abinci ne. Amma ɗalibai sittin gare ni, ƙa'ida ɗaya. Ina auna ko ya iya abin da aka koya masa ne."

Ana haka sai ga Mato mai kula da sito da leburori biyu, suka nufi buhunan wake, don duk amfanin gonar gwaji na jami'a ne. Gado ya riga su, ya zauna daram a kan buhu ɗaya, ya ɗora ƙafa a kan ɗayan.

"To, ya Duktur, zaɓi ɗaya. In amfanin gona ne, ku kai sito, amma ka aza shi a ma'auni ka rubuta wa ɗana. In ciyawa ne, ba a kai ciyawa sito. Sai in tafi da abina."

Wani ɗalibi ya ƙyalƙyale da dariya, ya haɗiye. Dakta ya dubi waken, ya dubi takarda, ya daɗe yana juya alƙalami. A ransa Gado ya ce an zo wurin, babu mai hankalin da zai bar buhu biyu su tafi saboda layi ɗaya a takarda.

Dakta ya rufe alƙalaminsa.

"Ɗauki ciyawarka, ya Haj."

Abdussalami ne ya kama wa Gado buhunan har bakin hanya. Da lorin Sinja mai bi ta wajen ƙauyensu ya tsaya, suka ɗora, Gado ya hau ya zauna a kai. Fushin duk ya tsiyaye, sai kunya. Ya leƙo ya ce a hankali, "To, baɗi fa?"

"Baɗi dawa zalla zan shuka, Baba," in ji Abdussalami, idonsa na ƙasa. "Kuma kada ka zo."