Ƙanzon Kaskon Kuku

Shekara goma sha huɗu na yi ina wanke-wanke a bayan wani gidan abinci, har aka sayar da ginin aka mai da shi shagon waya. Ban taɓa juya miya a can ba ko sau ɗaya. Kuku mutum ne mai kishin murhunsa, kana matsowa zai ce kana tare masa iska. Amma kullum in za mu tashi sai ya zuba mini ragowar miyar kori a roba in kai gida. Da miyar nan 'yata Auta ta girma.

Yanzu ga Autar kwance a ɗakina da ciki wata uku, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Mijinta direban babbar mota ne, kullum yana hanya, shi ya sa ta taho wurina. Ran Talata nas ta ɗora ta a kan ma'auni, ta dube ni ta saman tabarau.

"Mama, ran Litinin in ta sake raguwa, gado za mu ba ta, mu sa mata ƙarin ruwa."

Muna fitowa Auta ta riƙo gefen mayafina. A gadon asibiti cikinta na fari ya zube bara, tun daga nan warin asibiti kaɗai kan sa jikinta rawa.

"Mama, don Allah kar ki bari su kwantar da ni."

"To ki faɗa mini abin da za ki ci."

Ta daɗe tana tunani. "Miyar nan ta wurin aikinki. Ita kaɗai nake tunawa zuciyata ba ta tashi ba."

Na kira lambar Kuku sau huɗu, ba ta shiga. Na ce ba komai, ai ba da ido rufe na yi aikin nan ba. Na san kowace safiya yana dafa albasa cike da ƙatuwar tukunya, da tafarnuwa, da citta, da kurkum, da tumatir, da mai, sannan ya markaɗe ta yi ruwa-ruwa. Uwar miya yake ce mata. Duk abin da aka yi oda, kaza ce ko kifi, daga ita yake ɗebo ludayi ya zuba a kasko ya ƙarasa.

Matsalata ɗaya, ban taɓa ganin an yi ta kaɗan ba. Yadda na gani haka na yi. Na wayi gari Laraba da miyar da za ta ci da mutum arba'in, a gidan mutum uku, ɗayarmu ma ba ta ci.

Na soya kaza, na zuba kayan ƙamshi, na kwarara ludayi guda, na rage wuta, na yi ta juyawa a hankali. Auta ta lashi bakin cokali.

"Ta yi daɗi, Mama." Ta ture kwanon. "Amma ba ita ba ce."

Ni kuwa ba a zubar da abinci a gabana. Wanda ya shekara yana kwashe ragowar mutane yana juyewa a shara, ba zai yi wannan a gidansa ba. Sai hukuncin ya faɗa kan maigida. Ran Laraba ya ci da shinkafa. Ran Alhamis da safe na fasa ƙwai huɗu cikin ragowar na rufe, ya dangwala da burodi. Da rana na sirka ta da ruwa na dafa taliya a ciki. Da yamma dankali. Ran Juma'a wake, wanda ya rage kuma na murƙushe na cusa masa a burodi.

"Ke baiwar Allah," in ji shi, "yau a cikin bas wani ya sunsuna ni, ya ce a ina ake sayar da abincin nan."

"Da ka ba shi kwatancen gidan, ya zo ya taya ka."

Ya yi dariya, ya cinye tas. Na ga dai idonsa yana kan ƙofar ɗakin Auta.

Kowane gwaji sai na sauya wani abu. Na ƙara citta. Na rage tumatir. Na sa madarar kwakwa, na sa ɗan sukari, na sayi kirfa. Auta ta lasa, ta yi mini murmushin lallashi, ta juya bango. Ran Juma'a zobenta ya zame daga yatsa ya faɗi ƙasa da kansa. Na tsince shi, na shiga bayi na yi kukana na ƙoshi. Tsoro nake ji, ga haushin kaina.

Ran Asabar da hantsi, bayan gwaji na bakwai ya faɗi, na tsaya wanke kaskona. Irin na zamani ne, wanda abinci ba ya kamawa. Shafa ɗaya na yi masa da soso, ya fita fes. Sai hannuna ya tsaya.

Kaskon Kuku bai taɓa fita da shafa ɗaya ba. Yana da su da yawa, na dalma, duk sun lotse, kowanne kuma da ƙanzo ja a gefensa, wanda sai da soson ƙarfe yake fita. Guda arba'in a yini, ina kankara ina zaginsa a zuciya, ina cewa wannan wane irin kuku ne da kullum sai ya ƙona miya. Na tuna yadda yake buɗe wuta har ƙarshe, ya zuba rabin ludayi, ya juya bayansa abinsa. Can sai in ji ƙarar cokali, ƙar-ƙar-ƙar, yana kankaro gefen yana mayarwa cikin miyar. Ashe ba sakaci ba ne, girkin ke nan. Ni ko kwana huɗu ina rage wuta ina juyawa, don kar in bar wa mai wanke-wanke aiki.

Muna da tsohon kaskon dalma, maigida na ajiye ƙusoshi a ciki. Na juye su a kan tabarma yana "ke, ke", na wanke kaskon, na ɗora. Uwar miyar da ta rage a firji ba ta fi ludayi biyu ba.

Na buɗe wuta. Mai, tafarnuwa, garin kori, tumatir, kaza, sannan rabin ludayi. Ta yi tsuwa, ta fantsama a bangon da na goge jiya. Hannuna ya nufi cokali da kansa, na kamo shi na riƙe a baya.

"Abu na ƙonewa fa!" maigida ya ɗaga murya daga falo.

"Bar shi ya ƙone!"

Gefen ya yi ja, ƙananan ramuka suka buɗe a tsakiya, mai ya taso. Na kankare na mayar ciki. Na ƙara rabin ludayi, na sake riƙe hannuna. Sau uku na yi haka, gumi na zuba.

Ban ji tahowarta ba. Ina juyowa na ga Auta a bakin ƙofa tana dafe da bango, ita da ta yi sati uku ko hanyar kicin ba ta bi.

Ta zauna a kan kujerar tsuguno, ta ci cokali uku da farar shinkafa. Na tura mata bokiti kusa ko amai zai zo, muka zuba mata ido ni da ubanta. Minti goma. Rabin awa. Ta jawo kwanon ta ƙarasa.

"Mama, akwai saura?"

Kafin in amsa maigida ya riga ya sa takalmi. "Albasa ta nawa zan sayo?"

Ran Litinin nas ta dubi ma'auni, ta dubi katin, ta sake duban ma'auni.

"Ba ta ƙaru ba," ta ce. Na ji Auta ta damƙe mini hannu. "Amma ba ta ragu ba. Ku je gida, ku dawo bayan sati biyu."

A hanyarmu ta zuwa tashar bas akwai wani shago mai sayar da kayan jarirai. Tun bara Auta ke tsallaka titi in mun kusa da shi. Yau sai ta tsaya a gaban gilashin, tana kallon wasu 'yan safuna da ba su fi babban yatsana ba.

"Mama," ta ce a hankali, "mu ɗan shiga. Dubawa kawai za mu yi."