Shafuka Takwas da Ba Sa Cikin Littafin

Wata bakwai ke nan da kamfanin da ke yin Hasumiyar Gishiri ya sanar cewa bugu na uku yana tafe, daga nan kuma ya ja bakinsa ya yi gum. Hasumiyar Gishiri wasa ne na zaman tebur. Mutum biyar ko shida za su zauna, ɗaya ya riƙe littafin dokoki yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi. In an zo inda ake shakkar nasara, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama. Masu wasan nan ba su iya jira ba. Kullum suna shafin kamfanin a intanet suna tambaya ko za a taɓa dokar faɗa, ko jaruman da suka yi shekaru suna reno za su shiga sabon bugun. Wasu har cewa suke dole ne a faɗa musu, tunda su suka riƙe wasan shekara goma sha ɗaya.

Wanda ya fi kowa cin moriyar shirun shi ne wani da ake kira Na-Ciki. Duk mako sai ya saki bidiyo daga ɗakinsa, littattafan wasan jere a bayansa, yana rage murya yana cewa wata majiya ta raɗa masa abu kaza. Dubban mutane ke binsa.

Yadda ya samu sunan kuwa, mace ɗaya ce ba ta manta ba. Ita ce mai tsara shafi da duba kurakurai a wata ƙaramar maɗaba'a da ke bayan tashar mota, abokan aikinta na kiranta Jar Biro saboda ba a raba ta da shi. Mijinta ma'aikacin ofishin auna filaye ne, kowa Safiyo yake ce masa. Shekara biyu da suka wuce, kamfanin ya zaɓi mutum ashirin su gwada sababbin dokoki a asirce, Safiyo na ciki, har an ba shi ya zana taswirar wani birnin bakin teku da za a saka a littafin. Wata huɗu ya yi a kanta. Na-Ciki abokinsa ne tun suna makaranta. Ya zo gidan, Jar Biro ta kawo masa shayi da hannunta, ya yi ta magiya yana rantse-rantse har Safiyo ya nuna masa shafi ɗaya. Washegari shafin ya fito a bidiyo, ga sunan Safiyo kwance a jikinsa da dusasshiyar tawada, don kowane mai gwaji da sunansa a kwafin da aka ba shi. Kamfanin ya aiko wa Safiyo da wasiƙar sallama mai layi uku, ya dawo masa da taswirarsa.

Na-Ciki bai taɓa ba da haƙuri ba. Da Safiyo ya kira shi, cewa ya yi ai mutane suna da haƙƙin su sani. Safiyo mutum ne mai sanyi, ya haɗiye, ya daina zuwa wasa, ya daina ko ambatonsa. Ita ce abin ya tsaya wa a maƙogwaro. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har yanzu maɗaba'arsu Na-Ciki ke kawo fostocinsa, ya jingina da kantar karɓar aiki yana murmushi yana cewa, "Uwargida, ina mutumina? Ya ɓuya da yawa."

Ba ta taɓa zama an yi wasan da ita ba, amma ita ta buga wa mijinta duk bayanan gwajinsa, ta san irin haruffan littafin da faɗin gefensa kamar yadda ta san layukan tafin hannunta. Mako uku ta yi tana aiki a lokacin hutun rana, sa'ad da sauran suka fita neman abinci kuma babban injin ya yi shiru. Ta tsara shafuka takwas. Ta sa musu alamomin yanka a kusurwa, da jerin launukan gwaji a ƙasa, da tambarin hasumiya, da gargaɗin cewa kada a fitar. Ta zauna ta yi tunanin abin da zai fi tayar wa masu wasan hankali amma ba zai wuce a yarda da shi ba. Sai ta rubuta cewa an soke ɗan lido an maye gurbinsa da kati, tsofaffin jarumai ba za su shiga sabon bugu ba, kuma an share ƙabilar Masu Jirgi, wadda rabin masu wasan daga cikinta suke ɗaukar jarumi. Ta buga su a takarda mai kyau, ta bi su da jan bironta tana gyara kurakuran da ita ta dasa, ta ɗora gindin kofin shayi a kan shafi na biyar ya bar zobe.

Ranar Talata da hantsi Na-Ciki ya zo karɓar fostocin taron masu wasa da yake shiryawa. Shafukan na kan kantar a ƙarƙashin wani ƙunshin takarda, kusurwar da ke da tambarin ce kawai ta leƙo. Ta ga lokacin da idonsa ya sauka a kai, maganarsa ta sarƙe. Ta ce masa ba a gama yanke fostocin ba, bari ta shiga ciki ta duba. Can ciki ta tsaya bayan tarin kwalaye tana kallonsa ta wata 'yar kafa. Ya waiga hagu da dama, ya ɗaga ƙunshin, ya zaro wayarsa. Ɗaya bayan ɗaya ya ɗauke su hoto, har ya maimaita na uku. Ya mayar da komai yadda yake. Da ta fito da fostocin, ya tambaye ta ko aiki ya yi musu yawa kwanan nan, ta ce ai akwai ayyukan da oga ya hana su magana a kai. Ya yi dariya har da buga kantar.

Kafin yamma bidiyon ya fito. Ya ce wannan ne babban abin da ya taɓa kawowa, ya ce in ƙarya ne a daina kiransa Na-Ciki. Jar Biro ta kalla a cikin motar haya tana komawa gida, ta sake kallo, zuciyarta fari ƙal.

Masu wasan suka haukace. Aka yi ta zagin kamfanin, aka tara sa hannu, wani ya ɗauki hoton littattafansa a cikin kwandon shara. Mai shagon da ke sayar da kayan wasan a bakin kasuwa ya ce mutum goma sha huɗu sun janye sunansu daga jerin masu jiran sabon bugu. Kwana biyar kamfanin na shiru, a na shida ya saki shafuka talatin na gaskiya, abin da bai yi niyyar yi ba sai bayan wata uku. Ga ɗan lido yana nan, ga Masu Jirgi har an ƙara musu babi. Ya kuma bi shafukan Na-Ciki ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa babu ko layi guda da ya fito daga wurinsa, littafin ma ba a kai shi kowace maɗaba'a ba tukuna.

Mutanen da suka zagi kamfanin suka juyo kan Na-Ciki da ninkin fushin, don ya sa sun ji kunya. Aka tono tsofaffin bidiyonsa ana ƙirga abin da ya faɗa bai tabbata ba. A taron da ya buga wa fosta, ya jera kujera arba'in, mutum shida suka zo, biyu daga ciki don su yi masa dariya.

Da safiyar Litinin ya faɗo maɗaba'ar, ko gaisuwa babu. Injin na aiki, sai da ya matso kusa da Jar Biro ya ce ta san abin da ta yi masa. Ta ajiye biron ta tambaye shi me ta yi. Ya ce shafukan nan.

"Waɗanne shafuka? Na ba ka wani abu ne ban da fostocinka?"

Ya waiga. Oga na tsaye a bakin ofishinsa yana kallonsu.

"In ka ɗauki hoton wani abu a kan kantar nan ba da izini ba, ga oga nan, faɗa masa," in ji ta. "Ko ka faɗa a bidiyo. Ai mutane suna da haƙƙin su sani."

Ya juya ya fita.

Safiyo ya riga ya gane. Ya ga hotunan a wayar wani abokin aikinsa, kuma babu wanda ke zana alamar sharewa da 'yar lanƙwasa a wutsiya sai matarsa. Bai ce komai ba sai ranar Asabar, tana shanya kayan yara a baranda, ya zo ya tsaya yana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ta ko ita ce, ta ce ita ce. Ya ce akwai wata baiwar Allah a kamfanin mai amsa saƙonnin jama'a, ita ta yi masa kirki lokacin da aka sallame shi, kuma ita ta sha zagin kwana biyar ɗin nan, har da masu ambaton iyayenta. Jar Biro ba ta san da wannan ba, kuma abin ya taɓa zuciyarta. Ta shiga matse wata riga da ta riga ta tsane.

"Wannan kam ban so ba," ta ce. "Amma shi, ko yau aka dawo da ni baya sai na sake."

Safiyo ya ce ya sani. Ya ce da shi ne da bai yi ba, amma ba zai yi mata ƙarya ya ce bai ji daɗi ba da ya ga hoton kujerun nan babu kowa. Suka ƙarasa shanyar.

Na-Ciki ya rufe shafinsa bayan mako biyu, ya koma kai aikinsa wata maɗaba'a a ƙetaren titi. Da oga ya lura, ya tambayi Jar Biro me ya kore musu kwastoma. Ta ce wani aiki ta yi masa da bai yi masa daɗi ba. Oga ya ce ta riƙa kula, ya miƙo mata kalandar wata makaranta ta duba kafin azahar.