Jijiyar da Kawu Ya Gyare

Bijimin Baba ya karye a ƙafa da hantsi, kafin azahar an yanka shi. Shi kaɗai ya rage daga irin shanun kakansu. Shi ya sa 'yar Baba, likitar dabbobi, ta roƙi kawunta mahauci ya ciro marainan ya kawo mata ɗakin gwaji cikin kular ƙanƙara. In an yi sauri za a adana maniyyin, iri ba zai yanke ba.

Ta buɗe kular ta leƙa. Maraina biyu ne sumul, kamar ɓararren dafaffen ƙwai.

"Kawu, ina murɗaɗɗiyar jijiyar da ke manne a gefensu?"

"Wannan tarkacen? Na gyare shi. Shekara talatin ina fawa, ni zan kawo wa 'yata nama da ƙazanta?"

Haka Kawu yake, tsaftar aikinsa ta fi ƙarfin kunnensa. Haushi ya tokare ta, ta danne.

"Kawu, ƙwayoyin da ke cikin maraina ɗanyu ne. Sai sun kwana da yawa suna ratsa jijiyar nan, tana cire musu wasu furotin daga fatarsu, tana liƙa musu wasu, kafin su iya iyo su gane ƙwan saniya. Nunannun suna can ƙarshenta. Ina ka jefa?"

"Bokiti, bayan rumfa," ya ce ƙasa-ƙasa.

Babur ɗinsa bai taɓa gudu irin na ranar ba. Bokitin na cikin rana, ƙudaje sun baibaye shi, wani kare yana lasar baki a gefe. Ta zura hannu cikin kitse da fata har gwiwar hannu. Guntu ɗaya ta samu, tsawon yatsa, wuƙa ta ɓata shi har ba a gane farkon jijiyar ne ko ƙarshenta.

Da suka koma ɗakin gwaji, ta tsaga shi, ta ɗiga ruwan a gilashi, ta kafa ido a madubin likita. Ga ƙwayoyin nan dubbai, da ransu, suna ɗan makyarkyata a wuri ɗaya. Ta ƙirga har sittin. Babu ko ɗaya da ya yi gaba. Farkon jijiyar ne.

Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Baba ne. Ta kasa ɗauka.

Kawu ya goge tafinsa a riga, ya miƙo hannu.

"Ba ni. Wuƙata ce, ni zan faɗa masa."